Ranar da Mage Ta Bar Rumbu

Shekarar da aka canja kuɗi aka koma naira, ita ce shekarar da ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta fid da kai ba. Muna wani ƙauye bayan Kuta, ni kuwa ko haƙoran gaba ban gama mayarwa ba. Ban taɓa zama a aji ba, amma abin da ya shiga kunnena ba ya zubewa.

In an ci tuwo sai mu kewaye murhun Kaka Ladi, uwar babanmu. Ran nan wani cikinmu ya jefi magenmu da ɓawon gyaɗa.

"Kai, mara kunya!" in ji Kaka. "Ta girmi ubanka a gidan nan."

Ta ce asalin mage 'yar daji ce, dangin damisa. Akuya da igiya aka jawo ta, kare da ƙashi aka yaudare shi, amma mage ba wanda ya kamo ta. Sai da mutum ya koyi noma ya gina rumbu, ɓeraye suka taru, sannan ta biyo su da ƙafarta. Ta ce wa matar gida, "Zan tsare miki hatsi, amma ban da igiya. Ranar da rumbu ya ƙare, kada ki neme ni."

Na ce, "To in ta tafi fa, Kaka?"

Ta tura itace cikin wuta. "Sai mu ma mu ɗaure kaya."

A gidanmu Baba kaɗai ke leƙa rumbu, kuma ba a tambayarsa. Sai na riƙa ɓoye rabin tuwona ina kai wa mage, a tunanina muddin tana nan hatsi ba zai ƙare ba. Na rame har Inna ta yi ta ɗura mini jiƙo. Wata safiya na tarar da tuwon jiya, ƙudaje sun rufe shi. Mage babu.

Ba a jima ba muka taho birni, unguwar Ƙetaren Gwari, Baba ya kama dako a tashar jirgi. Kaka ta ƙi biyo mu, ta ce ita ba akuya ba ce. Labarin rasuwarta aka kawo mana.

Na daɗe ina kiran magen nan butulu. Sai da na tsufa na gane, manya na ta ce mana "akwai, akwai," ita kaɗai ce ba ta yi mana ƙarya ba.

Cikin waɗanda suka ji ɗumin murhun nan, saura ni da ƙanwata Jummai a Garatu. Ita ma in na tuna mata, sai ta ce, "Yaya, wai mun taɓa yin mage?"