Abin da Ya Hana Kwamfutata Tashi

Jama'a, yau abinci ya fita raina!

Kwamfutar teburina ta ƙi tashi, sai baƙin allo. Ga hotunan marigayi babana duk suna ciki. Na kira Bitrus mai gyara daga Yelwa. Yana kwance murfin, wari ya buge mu. Tsutsotsi fal!

Ya toshe hanci ya ce, "Baba, nono kake ba ta?"

Sai mai ɗakina ta leƙo: "Alhaji, ai kanta akwai ɗumi. Nan nake ɗora kindirmo ya kama. Kaɗan ne ya zube."

Ni dai a tafiye-tafiyena na ga zafi ya kashe kwamfuta a Kartum, danshi a Duwala, amma nono?

Bitrus ya ce hotunan sun tafi. Mai ɗakina kuwa tambayarsa take ko bayan gyara ɗumin zai dawo!