Farfesa Rakiya, mai laccar ranar Alhamis

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina tsakiyar duba marasa lafiya saƙo ya shigo wayata, wai Farfesa Rakiya ta rasu. Na karanta, na mayar da wayar aljihu, na ce wa matar da ke gabana ta ci gaba da bayaninta. Benci cike yake da masu jira, kuma ni kaɗai ne likita a wurin. Da ƙyar na riski jana'izarta a Unguwar Rimi bayan azahar.

Ga waɗanda ba su san ta ba, likitar yara ce, malama a makarantar koyon aikin likita ta jami'a. Ita ke shirya laccar da ake yi mana duk ranar Alhamis, mu da muka daɗe da gama karatu muna aiki, don kada iliminmu ya tsaya inda muka baro shi.

Maganar gaskiya, da farko ba ilimin ke kai ni ba. Sai ka halarci irin waɗannan laccoci ake sabunta maka lasisin aiki. Zan shigo a makare, in sa hannu a takarda, in nemi kujerar baya in yi ta gyangyaɗi.

Ta sani sarai. Ba ta taɓa kunyata ni ba.

Wata rana ta zo har inda nake ta ajiye mini kofin shayi, ta ce, "Dakta Nura, sha ka wartsake. Ta yau ta shafe ka."

A kan yaran da tamowa ta kama ta yi magana. Ta ce zuciyarsu ba ta da ƙarfi, idan ka ɗaura musu ƙarin ruwa da sauri kamar sauran yara, zuciyar na iya gazawa.

Nan take na tuna.

Wata biyu kafin nan an kawo mini wata yarinya daga Abakpa, 'yar shekara biyu, ta rame ƙwarai, ga gudawa. Na ɗaura mata ruwa na buɗe shi sosai, yadda na saba yi. Kafin la'asar ta cika. Na ce wa uwarta ai an makara wajen kawo ta.

Da aka tashi na bi Farfesa har bakin motarta na gaya mata komai. Na zaci za ta ce in bar wa Allah, ba komai. Ba ta ce haka ba.

Ta ce, "Ko da za ta rayu ko ba za ta rayu ba, Allah kaɗai ya sani. Amma ka yi kuskure, kuma ka ɗora wa uwarta abin da ba nata ba."

Na ce, "To Mama, yanzu yaya zan yi?"

Ta ce, "Alhamis mai zuwa kai za ka tsaya a gaba, ka ba su labarin nan da bakinka."

Na tsaya na ba su labarin, ita kuma tana gefena har na gama, ba ta bar kowa ya yi mini tambayar raini ba. Bayan an watse likitoci biyu da suka girme ni suka same ni, kowa daban, suka ce su ma sun taɓa yin haka.

Uwar yarinyar kuwa na je Abakpa nemanta, aka ce sun tashi daga gidan. Har yau ban gan ta ba.

Daga ranar na koma kujerar gaba.

Sai dai masu zuwa laccar sun yi ta raguwa. Wannan ya tafi waje aiki, wancan ma ya bi shi. Mu da muka rage kowa na yin aikin mutum uku. Wani zai bugo ya ce ba mai karɓarsa a asibiti, ba zai samu zuwa ba, sai ta ce ba laifi, ta tura masa abin da aka tattauna ta waya.

Haɗuwarmu ta ƙarshe mako uku ke nan. Mu biyar ne a ɗakin. Aka ɗauke wuta, ta rufe kwamfutarta ta ci gaba da ka. A zaune ta yi laccar, abin da ban taɓa gani ba, tana tsayawa tana mayar da numfashi. Likitoci biyar muna kallonta, ba wanda ya tambaye ta abin da ke damunta.

Da za mu fita ta ce, "Nura, na gaji. Ka karɓi laccar nan."

Na ce, "Mama, wallahi ni ma na gaji." Na gaya mata na fara haɗa takardun tafiya waje.

Ta ce, "Allah ya zaɓa maka abin da ya fi alheri. Amma kafin ka tafi ka koya wa wani."

Alhamis biyu ban je ba, kunyar haɗa ido da ita nake ji. Shekaranjiya ta kira ni ina zagayen ɗakin marasa lafiya, na ce in na gama zan kira ta. Ban kira ba.

Ɗazu a gurup ɗinmu na likitoci wata ta tambaya, "Jama'a, Alhamis ɗin nan akwai lacca?" Kowa ya gani, ba wanda ya amsa. Na rubuta "akwai" na goge, na sake rubutawa na goge. A karo na uku na tura. Ban san me zan faɗa musu ba, ban ma san ko mutum nawa za su zo ba.

Allah ka gafarta wa Farfesa Rakiya, ka yalwata mata kabarinta, ka sa abin da ta koyar ya zame mata sadaka mai gudana. Allah ka ba iyalanta haƙurin rashinta.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya sa ta a addu'a. Ku haɗa da waccan yarinyar da mahaifiyarta.