Kaset ɗin da na aika Laberiya

Shekarun baya, lokacin da maigidana yake Laberiya aikin kiyaye zaman lafiya, wani abokinsa soja ɗan Kudan ya zo hutu. Ya biyo ta gidanmu a Gubuchi, ya ce in ina da saƙo in shirya kafin Laraba. Ni ban iya rubutu ba, wannan ma 'yata ce ke rubutawa ina faɗa. Sai na ari rikoda wurin maƙwabciyata, ta sa kaset, ta danna jan maɓalli, ta fita.

Na zauna gaban rikoda kamar gaban suruki. Na gaishe shi, na ce rake ya yi tsayi, akuya ta haifi biyu. Abin da ke raina kuwa kunya ta hana. A zamaninmu ko sunan miji ba a kamawa, balle a ce ana kewarsa. Na ce "Shi ke nan," na tashi, a zatona rikodar ma ta ji ta daina.

Ashe tana ta ɗauka. Na yi daka, na kori kaji, na zagi akuya. Can na jingina da turmi na fashe da kuka, ina cewa, "Ya Allah ka dawo mini da bawan nan naka. Ko babu ƙafa ne, ni zan goya shi." Haka na miƙa kaset ɗin ban sani ba.

Maigidana ya dawo a rame, kuma ba ya magana. Wuni yake a zaure yana kallon ƙofa, ƙyaure ya buga ya zabura. Wata uku haka. Na fara tsoron jikinsa kawai aka dawo mini da shi.

Wata ranar da hantsi ina daka, sai na ji shi a bayana, ya kira ni da sunan garinmu.

"'Yar Paki, ga ni da ƙafafuna biyu. Goyon fa, an fasa?"

Taɓarya ta suɓuce mini. Ya yi dariya, ta farko tun dawowarsa, dariyar ta koma kuka. Ya zauna a ƙasa ya ba ni labari. Kwana uku suka yi a rami, ruwa na dukansu, harsashi na wucewa ta kansu. Abokin nan da ya kai kaset ɗin, a kan cinyar maigidana ya cika. Da suka fita ya kasa cin abinci, sai ya riƙa kunna ni, 'yan Arewa suna taruwa su ji daka da kukan kaji.

Na ce, "Malam, har kukana suka ji?"

"Har zagin akuya. Wani ma ya haddace."

Na ruga ɗaki na rufe fuska. Amma daga ranar bakinsa ya buɗe.

Damina huɗu ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, kuma ban daina kuka ba, ba na ɓoyewa. Shekara da shekaru muna tare, sau ɗaya na faɗa masa abin da ke raina, shi ma bisa kuskure.

Na sami kaset ɗin a akwatinsa. Ashe shi ma ya taɓa danna jan maɓallin nan ba da niyya ba. Ana tsakiyar daka sai sautin ya yanke, a ji muryarsa: "Kai, ku yi shiru mana, mai ɗakina na magana."

Nan nake mayar da kaset ɗin kullum.