Yadda Shinkafar Inna Hajjo Ta Sami Lamba

Ko na manta da komai na aikin gona, ba zan manta da ranar da Babban Malamin Gona ya miƙe tsaye cikin kwalekwale, a tsakiyar fadamar Tungar Sambo, ya kama hannuna yana yi mini barka ba. Ranar ce ta tabbatar mini da aiki, ita ce kuma ranar da na fi jin kunyar tunawa. Ku da kuka shigo aikin kwanan nan kuna ganin takardar yabon da ke rataye a zaurena, kuna cewa Baba ya yi zamani. To, ku gyara zama ku ji yadda aka yi zamanin.

Damina ta farko bayan samun 'yancin kai aka tura ni can. Na fito daga makarantar koyon aikin gona ke nan, da littafi a hammata da wandon kaki mai kari. Muƙamina Ƙaramin Malamin Gona, kuma a ƙa'idar lokacin sai babba ya zo rangadi ya ga aikinka da idonsa, ya sa hannu, sannan a tabbatar da kai. In bai sa ba, ka naɗe tabarmarka. Ni kuwa ɗan tudu ne, ƙasar gero da dawa. Shinkafa a littafi na san ta, sai kuma a akushi.

Tungar Sambo 'yar ƙaramar tunga ce a ƙasar Kaoje, gidaje ba su fi ashirin ba, duk na zana da jinka, a kan wani ɗan tudu da ke zama tsibiri in ruwa ya cika. Mota ba ta zuwa. Da rani jaki, da damina kwalekwale. Ruwan da ake wanka da shi shi ake sha, kuma da wuya ka shiga gida ba ka tarar da mai jinyar kurkunu ba. Iyakar Dahome, wadda yanzu ake kira Benin, tana nan kusa, amma mutanen tungar ba su ɗauke ta da wani muhimmanci ba. Can suke cin kasuwa, can suke aure, wasu ma gonarsu kai a Nijeriya ƙafa a Dahome. Da na yi musu albishir cewa mun sami 'yancin kai, Maigari Alu ya ce madalla, sannan ya tambaye ni ko sabuwar gwamnatin na da maganin sauro.

Aikina shi ne in kafa gonar gwaji. Ga waɗanda ba su sani ba, ana zaɓen eka ɗaya ne a gonar wani manomi, a auna da sarƙa, a kafa allo mai rubutu, a shuka irin da ofis ya bayar yadda littafi ya ce, don maƙwabta su gani su kwaikwaya. Amfanin da aka samu na mai gona ne. Abin da mai gona zai ci in gwajin ya ƙi kuwa, ƙa'ida ba ta ce komai a kai ba. Irin da aka ba ni wata farar shinkafa ce gajera, mai saurin nuna, wadda littafi ya ce tsawonta bai wuce gwiwa ba. Mutanen tungar kuwa wata ja suke nomawa, suna ce mata 'yar gida, watsa ta suke yi kamar ana ba kaji tsaba. Na duba na ce a raina, lalle jahilci ya yi wa mutanen nan katutu.

Na tara magidanta a gindin tsamiya na yi musu lacca ta awa guda. Da na gama na ce akwai mai magana? Maigari ya ce, “To, Allah shi sa albarka.” Kowa ya ce amin. Na koma masauki ina jin na ci gari. Sai daga baya na gane cewa “to” ɗin mutanen bakin kogi iri-iri ne, kuma wanda aka ba ni shi ne na “kai ka sani.”

Wajen zaɓen gona, Maigari ya nuna mini wani fili a gefen tudu. Na ƙi, na ce ƙasar ta yi yashi. Na gangara can ƙasan fadama inda ƙasa take baƙa ƙirin, na damƙa na murza na shinshina kamar yadda aka koya mana, na ce nan nake so.

Maigari ya ce, “Malam, wurin ga hwa ruwa na zuwa gaisuwa.”

Na ce, “Baba Maigari, ai shinkafa ruwa take so.”

Ya ɗaga sanda ya nuna mini wata giginya a bakin gonar. A jikinta akwai zoben busasshen laka, sama da kaina da kamu biyu. Ya ce, “Ka ga wancan?” Na ce na gani, gara ce, zan rubuta a kawo magani. Ya dube ni, ya dubi giginyar, ya ce to.

Gonar ta wata gwauruwa ce, Inna Hajjo, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da jikoki biyu. Ita ke nan gonarta, daga ita take cin shekara. Ba ta zo gindin tsamiya ba, don mata ba sa zuwa, ni kuma ban nemi jin ta bakinta ba. Maigari ya aika mata cewa gwamnati ta zaɓi gonarta, ta aiko da cewa ta gode.

Da ruwan shuka ya sauka muka ja igiya mai ƙulli-ƙulli, muka shuka layi-layi. Kai, gonar ta yi kyau kamar rubutun allo. Tun daga ranar, kullum da hantsi sai in tarar da Inna Hajjo a duƙe tana bin layukan nan ɗaya bayan ɗaya, da 'yar ƙwarya a rufe da faifai. Na tambaye ta abin da take yi, ta ce, “Tsuntsaye nika kora, ɗiyana, ina rufe inda sunka tone.” Abin ya burge ni ƙwarai. A rahoton wata na rubuta cewa akwai wata tsohuwa mai son ci gaba da ya kamata sauran manoma su yi koyi da ita. Wannan kaɗai ce gaskiyar da na rubuta a shekarar, ita ma ban san na rubuta ta ba.

Shinkafa ta tsiro. Na lura a kowane layi wasu sun fi wasu tsawo, da ɗan ja-ja a gindi. Na rubuta cewa irin na da ƙarfi.

Cikin watan Agusta ruwa ya fara zuwa gaisuwar da Maigari ya faɗa. Bai zo da hayaniya ba, kullum dai ka tashi ka ga ya ƙara ɗan yatsa biyu ko uku. Ranar da ya kai mini cinya a cikin gonar, sai na tuna littafi ya ce gwiwa. A makon ne zazzaɓi ya kayar da ni, na yi kwana goma sha biyar ban san inda kaina yake ba. Inna Hajjo ce take aiko mini da kunu. Ina sha ina jin kamar in nutse, don na tabbata na hallaka mata abincin shekara, na kuma hallaka aikina. In faɗa muku gaskiya, aikin nawa na fi tunani.

Da na sami sauƙi na sa aka tuƙa ni zuwa gonar, ina shirin ganin fili fetal. Sai ga shinkafa kore shar a kan ruwa, layukan sun ɗan karkace amma ana gane su sarai. Allon gwamnati kansa kawai ya rage a waje. Zazzaɓin da ya saura a jikina nan take ya gudu. Na dawo tunga ina taƙama, ina ce wa mutane kun ga aikin ilmi ko? Suka ce sun gani.

A watan Oktoba Babban Malamin Gona ya iso rangadi. Malam Ladan sunansa, mutumin kirki, bai daɗe da karɓar kujerar daga hannun Baturen da ya tafi ba, yana ɗokin ya nuna cewa mu ma za mu iya. Muka shiga kwalekwale da shi da Maigari. A tsakiyar gonar ya karɓi gorar tuƙi ya caka, ruwa ya shanye fiye da tsayin mutum. Ya buɗe littafi ya karanta, ya dubi shinkafar, ya sake karantawa.

Ya ce, “Malam, an ce gwiwa.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, kulawa ce.”

Nan ya miƙe tsaye, har kwalekwalen ya nemi kifewa, ya kama hannuna. Ya ce irin nan ya wuce sanin waɗanda suka ƙirƙiro shi, sabuwar ƙasa ta sami sabon iri. Ya juya ya tambayi Maigari ko ya taɓa ganin shinkafa irin wannan. Maigari ya ce, “Ranka shi daɗe, a layi dai ban taɓa gani ba.” Kafin la'asar an sa hannu a takardata.

Aka yi girbi a cikin kwalekwale, ana yankan kawunan ana zubawa a ciki. Bayan kwana uku Inna Hajjo ta kawo mini tuwon sabuwar shinkafa da kanta, ta ajiye ta zauna a bakin ƙofa. Na buɗe akushi. Tuwo ja wur. Irin da na shuka kuwa fari ne tas kamar auduga. Na daɗe ina kallon tuwon nan.

Na ce, “Inna, ina shinkafata?”

Ta ce, “Taka ta riga mu gidan gaskiya tun kana kwance. Ruwa na kai mata wuya tat tahi. Wagga 'yar gida ta, ita ka bin ruwa, in ya hau ta hau.”

Sai ƙwaryar nan mai faifai ta faɗo mini a rai. Ashe nata irin take bi tana shukawa a cikin layukana. Na ce cikin fushi, don kunya in ta yi yawa fushi take komawa, “Me ya hana ki gaya mini tun farko?”

Ta ce, “Ka tambayi Maigari, ka tambayi littahinka, ƙasa ma ka shinshine ta. Ni mai gonar, sannu kaɗai kaka ce min. In ce ma gwamnati a'a? Ni dai jikokina ba su cin allo.” Ta tura mini akushin ta ce, “Ci, shina hucewa.” Na ci. Ban taɓa cin tuwo mai daɗi da wuyar haɗiya irinsa ba.

Ya kamata a ce washegari na rubuta gaskiya. Ban rubuta ba. Na ce bari ƙura ta lafa. Ana nan sai ga wasiƙa daga ofis, cewa saboda nasarar Tungar Sambo, baɗi za a raba farar shinkafar nan a duk tungayen bakin ruwa, a kuma hana watsa tsohon iri a gonakin da suka karɓa. Na karanta na sake karantawa. Gona ɗaya na nemi hallakawa, yanzu ƙaryata za ta hallaka ƙasa guda. In na faɗi gaskiya kuma, aikina ya tafi, na kuma kunyata mutumin da ya sa mini hannu.

Ban tafi wurin Maigari ba, wannan karon na san ƙofar da zan bi. Na durƙusa na karanta wa Inna Hajjo wasiƙar. Ta saurara tana tsince shinkafa a faifai, sannan ta ce, “Su waɗanda ka ofis, suna ɓare shinkahwa su ga cikinta?” Na ce ban taɓa gani ba. Ta ce, “To, ka ce musu wadda ta saba da ruwanmu ta hi. Ga rumbu nan, ka ɗiba.”

Haka na rubuta, da Turancina mai kyau, cewa ya fi dacewa a yaɗa irin da aka girbe daga gonar gwaji, tunda ya riga ya saba da ƙasar. Ofis ya yaba da wannan hangen nesa. Aka ɗauki buhu biyu da ɓawonsu, aka kai gonar ofis aka riɓanya, aka ba irin haruffa da lamba. Babu wanda ya ɓare ƙwaya ɗaya. Daga baya ne Inna take gaya mini cewa irin ma a cikin kayan aurenta ya zo, uwarta ta ƙulle mata shi a tsumma daga wani ƙauye a Dahome. Wato sabon irin sabuwar ƙasarmu ko ɗan ƙasa ba ne, kuma bai taɓa gaisawa da kwastan ba.

Bayan shekara biyu buhunan suka dawo, da tambari da takardar bayani. Ni aka sa in raba, har a Tungar Sambo. Na tsaya a gindin tsamiyar nan na karanta wa mutane yadda ake noman shinkafar da kakanninsu suka yaye su da ita. Babu wanda ya yi dariya. Maigari ya ɗebi ƙwaya ya ɓare da haƙori, ya duba, ya ce, “To, Allah shi sa albarka.”

Abin da na koya shi ne, manomi ba ya musu da mai kaki. Zai ba ka “to” ɗinka ka tafi da shi, shi kuma ya san yadda zai ceci gonarsa, in Allah ya so ya cece ka tare da ita. Saboda haka in an tura ku ƙauye, kafin ku sauke sarƙar awo ku nemi mai gonar ku zauna, ko da tsohuwa ce da ba ta zuwa gindin tsamiya. In an nuna muku laka a jikin giginya, kada ku ce gara ce.

Na yi shekara talatin da biyar a aikin nan, girma uku na samu a kan shinkafar nan. Inna Hajjo ta rasu ba ta san lambar da aka ba irinta ba. Takardar da kuke gani a zaurena, na karanta ta ya fi sau ɗari, sunan kowa na ciki, da nawa da na Malam Ladan da na tungar, ban da nata. Shekaran jiya na sa jikata ta sauko da ita, na rubuta sunanta a ƙasa da biro.