Ranar da Na Kai Baba Fadan Kaje

Mun tashi a Kafanchan mun san Baba tsohon sojan sama ne, mun kuma san an taɓa kama shi lokacin yaƙin basasa. Iyakar abin da muka sani ke nan. Bayan yaƙi ya ajiye kaki ya kama aiki a reluwe, ya auri Mama, suka haife mu mu biyar, ni ce babba. Duk wanda ya tambaye shi labarin yaƙi a cikinmu, Mama ce ke amsawa: "Ku bar babanku ya huta." Shi kuwa sai ya tashi ya zaga bayan gida wajen aladunsa.

Wata huɗu bayan rasuwar Mama, likita ya gaya mana zuciyar Baba ta raunana. Ƙafafunsa suka kumbura, ko coci sai an kai shi a mota. Wata Alhamis na taso daga makarantar da nake koyarwa, na biya in kai masa magani. Na same shi zaune a gindin mangwaro.

Ya ce, "Ran Asabar kina da aiki?"

"Sai dai zumuntar mata a coci da yamma, Baba."

"Za ki kai ni Fadan Kaje."

"Wa muke da shi a can?"

"Ke dai ki zo da safe."

Ran Asabar na tarar ya riga ya shirya, ya sa farin kaftanin da yake zuwa sujada da shi. Muna fita gari ya soma magana, idonsa a kan titi, bai dube ni ba.

Ashe shi ba matuƙi ba ne. Aikinsa lodin kaya a jirgin da ke kai wa sojoji abinci da harsashi, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Wata safiya aka harbi injin jirginsu. Matuƙin ya yi iya ƙoƙarinsa ya sauko da shi cikin wata gonar rogo, amma mutum biyu ne kawai suka fito da rai: Baba da makaniken jirgin, wani ɗan Fadan Kaje da ya girme shi da kaɗan. Kafin su gama fita daga hayaƙi, sojojin ɗaya ɓangaren sun kewaye su. A ranar aka ƙwace musu takalma da agogo.

Aka kulle su a wata makarantar firamare tare da sauran fursunoni. Garin rogo ake ba su sau ɗaya a yini, ba gishiri ba mai. Baba ya ce masu tsaron ma yunwar suke ji, ya taɓa ganin ɗaya yana tauna ɓawon rogo a ɓoye. Shi da makaniken yarensu ba ɗaya ba, da Hausa suke hira. Mutumin ba ya iya zama hannu sake. Ya tsinci tsohuwar taya a harabar makarantar, ya wasa wani guntun ƙarfe a jikin dutse, ya yanka musu takalman taya, nasa da na Baba.

Daga nan tafiya ta soma. Duk lokacin da sojojin gwamnati suka matso, sai a tashe su a nausa da su cikin kurmi, an ɗaure su biyu-biyu da igiya a ƙugu. Damina ce. Wani lokaci jiragen yaƙi su wuce ta samansu.

"Jiragenmu ne," in ji Baba. "Na san ƙarar kowane inji. Na san mutanen da ke ciki, a kwano ɗaya muka ci abinci. Ga mu kwance cikin taɓo muna roƙon Allah kada su gan mu."

Wajen ƙetare wani rafi ruwa ya tafi da takalman Baba. Ya yi kwana biyu yana tafiya ba takalmi, tafin ƙafarsa duk ya tsattsage. Makaniken kuma gudawa mai jini ta kama shi. Baba ya riƙa rataya hannun mutumin a wuyansa yana jansa. Wata rana da tsakar rana aka tsaya hutawa a gindin kwakwar manja. Da aka busa usur a tashi, makaniken ya yunƙura sau biyu ya kasa. Wani mai tsaro ya zo ya kwance igiyar da ta haɗa su. Kowa ya san ma'anar wannan: wanda ya kasa tashi, a nan ake barinsa.

Baba ya ce mini, "Tsaya a nan."

Na gangara gefen titi kusa da wasu mata masu sayar da doya, na kashe motar.

Ya ce, "Na durƙusa kusa da shi kamar zan yi masa addu'a. Sai na zare takalman daga ƙafarsa na sa. Idonsa biyu, yana kallona.  Na bi layi."

Na ce, "Baba, da ba ka ɗauka ba, wani zai ɗauka."

"Wanin ba abokinsa ba ne."

Ya ce da waɗannan takalman ya yi sauran tafiyar har yaƙi ya ƙare aka sake su. Ko Mama bai taɓa gaya wa wannan ba. Ya goge bakinsa da hankici ya ce mu tafi.

A Fadan Kaje muka tsaya a coci. Baba ya faɗi sunan gidan, matar fasto ta shiga mota ta raka mu. A hanya ta ce iyayen makaniken sun daɗe da rasuwa, saura ƙanwarsa, gwauruwa. Muka same ta tana shanya citta a tsakar gida, tsohuwa siririya da rigar sanyi. Ta kawo mana kujeru da ruwa. Bayan gaisuwa Baba ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"'Yar'uwa, ni abokin aikin yayanki ne. Tare aka kama mu."

Ta zauna a kan turmi a hankali. Baba ya gaya mata duka, bai rage komai ba, har maganar takalma. Tana saurare, hannunta ɗaya riƙe da citta.

Da ya gama ta ce, "Da rai ka bar shi?"

"Da rai."

"To ba ka ga mutuwarsa ba."

"Ban gani ba. Amma yadda na bar shi, ba zai kai yamma ba."

Ta ce takarda ɗaya aka taɓa aiko musu, cewa yayanta ya ɓace. Mahaifiyarsu ta hana a yi masa jana'iza, ta ce ba za ta binne ɗanta yana kan hanya ba. Har ta tsufa, in ta ji motar haya ta tsaya a bakin titi sai ta fita ta duba masu sauka.

"A ina kake zaune duk wannan lokaci?"

"Kafanchan."

"Kafanchan ɗin nan?" Ta nuna hanyar da muka biyo. "Da motarku ta zo, ko awa ɗaya kun yi?"



Ta ce, "Takalmi ba komai ba ne, yaƙi ne. Amma Mamanmu. Da ka zo ka gaya mata, da ta yi kukanta ta huta."

Ta juya zuwa yarensu ta yi magana mai tsawo, ba da mu ba. Matar fasto ta sunkuyar da kai, ba ta fassara mana ba, ni ma ban tambaya ba. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar, ko a jana'izar Mama bai yi ba. Hawayen na sauka a kan farin kaftanin, bai share ba.

Tsohuwar ta tashi ta shiga kicin, ta fito da gwaten acca a kwanuka uku. Baba ya riƙe cokali, ya kasa kai wa baki. Ta tsaya a kansa ta ce, "Me yayana yake faɗi a can? Yana maganar gida?"

"Kullum. Ya ce yana da wata ƙanwa mai satar masa soyayyar gyaɗa daga aljihu, in ya kama ta sai ta cije shi."

Dariya ta ƙwace mata. Ta rufe fuska da gefen zani, kafaɗunta na rawa, daga nan ba dariya ba ce kuma. Matar fasto ta yi addu'a, muka yi sallama. Tsohuwar ta raka mu har bakin ƙofa ta ce mu sauka lafiya. Ba ta ce ta yafe ba, Baba kuma bai roƙa ba. 

Bayan girbi faston ya aiko mana cewa dangin za su yi sujadar tunawa da mamacin. Na sake kai Baba. Muka iso an soma waƙa, ya kama murfin motar, sai ya fasa buɗewa. A cikin mota ya zauna har aka tashi, gilas a sauke, yana bin waƙoƙin da leɓe.

Da damina ta gaba Baba ya rasu. Na aika Fadan Kaje da labari. Tsohuwar ba ta zo ba, ɗanta ne ya zo da kaza da ƙullin dawa, ya ce mamarsa na gaishe mu, ƙafa ce ta hana ta. Ban san ko ƙafar ce da gaske ba. Ƙannena sun tambaye ni wane ne baƙon, na ce ɗan gidan abokin Baba ne na soja. Har yau ban gaya musu sauran ba.