Ranar da Na Ƙidaya Shanun Baffa

Shekarar da na gama jami'a na koma gida, wani ƙauye tsakanin Dumega da Tibiri, ina jiran a kira ni aikin bautar ƙasa. Jiran ya yi tsawo, rani ya shigo, ba ni da abin yi sai karatu da zaman fada, wato majalisar samari, wurin shayi.

Mahaifiyata tana da shanu a hannun wani makiyayi da muke kira Baffa. Ba ɗan'uwanmu ba ne na jini. Tun kafin a haife ni Inna ta sayi karsana ɗaya da kuɗin gyaɗar da ta noma, ta kai masa amana tare da igiyar ɗaure maraƙi, kamar yadda ake yi a wurinmu. Babu takarda a tsakaninsu. Nono nasa ne, 'ya'yan da aka haifa na Inna ne, kuma daga zuriyar karsanar nan aka fitar da bijiman da suka riƙe ni a lakwal, wato makarantar boko, har na kai ga lisansi, digirin farko na jami'a. Saboda haka duk lokacin da na ga garken nan ina jin kamar ina kallon wasu daga cikin malamaina.

A kwanakin ne rediyo ta cika da labarin wata ƙasa mai nisa da ke muhawara a kan rufe wata manhajar gajerun bidiyo, don masu ita baƙi ne, ana tsoron su kwashe sirrin 'yan ƙasa. Manhajar nan kuwa tana cikin salular kusan kowane saurayi a garinmu. Wata la'asar maganar ta faɗo a fada. Ɗan kawuna, wanda ke da butiki, wato shagon caji da kayan salula, a garin Kore Mairuwa, muna tsokanarsa da Ustazu saboda gemunsa da ɗan guntun wandonsa, shi ya fara.

"Mu ma a rufe ta kawai," in ji shi. "Rawa da tsiraici, ga baƙi suna leƙen cikin gidajenmu. Mi ya rage?"

"Ustazu, in an rufe ta wa zai kawo maka caji?" wani ya ce masa. "Kai da rawar ke cika ma tukunya."

Aka yi dariya, har shi. Sai ya nuna ni da kofin shayi. "Ga mai lisansi nan, shi yanke muna."

Na gyara zama. Na bayyana musu cewa haɗarin yana cikin abin da salula ke aikawa ba da sanin mai ita ba, wato wurin da kake, da lambobin mutanenka, da abin da ka fi kallo. Na ce wanda ya kashe alamar wuri, bai rubuta suna ba, bai nuna fuska ba, ya rufe ƙofa. Abin da na karanta ke nan, kuma iyakar sanina babu ƙarya a ciki. Aka jinjina kai, na tashi ina jin daɗin kaina.

Bayan 'yan kwanaki Inna ta aike ni da dusa da kanwa zuwa rijiyar da Baffa ke shayarwa a cikin fadama. Na isa da hantsi, shanu sun taru a bakin komi, rana tana bisa bayansu. Kyan su ya kama ni. Na fito da salula, na duba sau biyu na tabbatar alamar wuri a kashe take, na ɗauki bidiyo na kamar minti ɗaya. Baffa yana jan guga, ya ba ni baya, kuma dole in faɗi gaskiya, ban nemi izininsa ba. Da yake ni mutum ne da ba na son in faɗi abu bisa kintace, na ƙidaya shanun ɗaya bayan ɗaya, na sake ƙidayawa, sannan na ce a cikin bidiyon, "Ga dukiyar Arewa," na faɗi adadin. Na san makiyaya ba sa son a ƙidaya musu dabba da baki. Baffa yana sanin shanunsa ta launi da uwa da tafiya, bai taɓa cewa kaza ne ba. Na ɗauki wannan a matsayin camfi. Adadin da na faɗa daidai ne, kuma ko a nan ba zan maimaita shi ba.

Na sa bidiyon a manhajar da yamma. Mutane suka so shi, 'yan garinmu da ke ci-rani suka riƙa rubuto cewa na tuna musu gida.

Washegarin kasuwar Kore Mairuwa Baffa ya yi sallama a gidanmu. Inna ta shimfiɗa masa tabarma, bai zauna ba. Ya tsuguna, ya gaishe ta gaisuwa mai tsawo kamar kullum, sannan ya zaro igiya daga cikin rigarsa ya ajiye a ƙasa gabanta. A wurinmu ma'anar wannan ɗaya ce, a zo a karɓi amana.

"Lahiya, Baffan yara?" Inna ta tambaya.

"Lahiya lau, Adda. Jiya a kasuwa wani mutum da ban taɓa gani ba ya kama hannuna, ya ce sannu da arziki, ashe sun kai kaza. Ya faɗi yawansu. Ya faɗi rijiyar. Ya ce da hantsi muke shayarwa. Na ce wa ya gaya maka? Ya nuna mini cikin salula, na ji muryar ɗanki."

A shekarun nan duk wanda ke zaune kusa da iyaka ya san abin da ake nufi idan baƙo ya san yawan garkenka da wurin shansa. Duk da haka bakina bai daina kare ni ba.

"Baffa, ai na kashe alamar wuri. Ban faɗi sunan gari ba, ban nuna fuskar kowa ba."

"Kawo in gani," ya ce.

Na kunna masa. Ya riƙe salular nesa da idonsa, ya sa farcensa a kan gilashin.

"Wagga giginya da aradu ta fille ma kai, nawa ne irinta daga nan har Tibiri? Ga bakin rijiya da ya ɓalle ta gabas. Ga jan dutse can baya. Dubi inuwar saniyar nan, ko makaho ya san hantsi ne. Dubi kunnen wanga, tsaga biyu a dama, wa ke tsaga hakanan in ba gidanmu ba?" Ya miƙo mini salular. "Wanda zai zo kora shanu da idonshi yake aiki, ɗana. Abu ɗaya ne ido bai iya ba shi daga nesa, shi ne yawansu, don shi san mutum nawa zai taho da su. Shi kuma ka ba shi da bakinka."

Ya juya ga Inna ya ce tun jiya ya tashi da garken daga fadama, ya hau tudu, inda rijiya ke da zurfi kuma ciyawa ba ta kai ta ƙasa ba. Ya ce a hannunsa akwai shanun gidaje da yawa, ba zai iya riƙe na gidan da bakinsa ke buɗe ba. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ya yi sallama ya tafi, igiyar tana nan inda ya ajiye ta.

Na goge bidiyon nan take, na hau kabu-kabu zuwa Kore Mairuwa don in tambayi ɗan kawuna ko gogewar ta isa. Na tarar da shi yana tura wa wani dattijo abu a katin salula. Da na gaya masa abin da ya faru sai ya dafe gemu.

"Innalillahi. Ai ni na sauke shi tun ranar. Shi kaɗai ne bidiyon da babu kiɗa babu rawa, duk wanda ya kawo caji sai na sa mishi. Ka ga tsohon nan ma yanzu na gama."

"Ustazu, mutum nawa?"

"Kai ne mai ƙidaya," ya ce, "ni ban riƙe ba."

Muka roƙi dattijon ya bari a goge, ya yarda. Sauran kuwa sun tafi da shi cikin aljihunsu zuwa garuruwan da ban sani ba.

Inna ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Kwana uku igiyar tana tsakar gida, tana share ƙasa kewaye da ita ba ta taɓa ta ba. Maƙwabta suka kawo shawara, wasu suka ce ta sayar da shanun, wasu suka ce akwai makiyaya da yawa. Amsarta ɗaya, "Na ji." A safiya ta huɗu ta yafa mayafi ta ce mini, "Ɗauko igiyar. Bar salular nan bisa gado."

Muka hau tudu a ƙasa, tafiyar da ta kai mu har rana ta yi zafi. Na ce in nemo mata kabu-kabu, ta ce wanda zai ba da haƙuri ba ya zuwa a kan mashin. Muka tarar da Baffa a bakin sabuwar rijiyar, shi da matarsa suna ja, igiyar guga ta yi tsibi a bayansu saboda zurfi. Shanu suna tsaye suna jira, komi bai cika ba.

Bayan gaisuwa Inna ta ce, "Baffan yara, ban zo da baki ba, baki ne ya yi ɓarna. Waccan rijiya kamu kaɗan ce, wagga ka ga yadda take. Wahalar da ta ƙaru ɗana ya jawo ta. Ga shi na kawo maka, shi ja har ruwan sama shi sauka. Sannan in ka ce in kwashe shanuna, in kwashe, ba mu da riƙo."

Matar Baffa ta kama hannuna ta juya tafin sama, ta fashe da dariya. "Adda, wanga hannun biro? Guga biyu za shi kwanta."

"In ya kwanta ku zuba mishi na ukun," in ji Inna.

Baffa bai yi dariya ba. Ya dube ni, ya dubi Inna da ƙurar hanya a ƙafafunta. Ya ce, "Rataye igiyar can bisa reshe, ba ta wurina ba ta wurinki. Kai kuma zo nan." Ya sa mini igiyar guga a hannu.

Ban san daidai kwana nawa na yi ba, don haka ba zan sa lamba ba. Ya fi wata ɗaya. Kullum ina fitowa bayan sallar asuba, in ja ruwa har shanu su ƙoshi, in koma gida. Makon farko tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, matar Baffa ta shafa mini man shanu tana ce mini Mushe Lisansi, wato Malam mai Lisansi a lafazin Faransanci. Ban kwanta a guga na biyu ba, ko da yake a rana ta farko na zauna a na goma sha wani abu, kaina yana juyawa.

A bakin rijiyar nan na yi ta tunanin tambayar da aka yi mini a fada. Ba ni da sanin da zan ce rufe manhajar baƙi yana tsare ƙasa ko ba ya tsarewa. Akwai sirrin gwamnati da na soja da ban san yadda ake kwasarsa ba, kuma ba zan yi kamar na sani ba. Gaskiya ne cewa ba don manhajar ba da baƙon kasuwa bai ga garken ba. Gaskiya ne kuma cewa da an rufe ta a ranar, bidiyon yana nan yana yawo daga kati zuwa kati ba tare da rezo ba, wato ko babu sabis na waya. Dole in ƙara da cewa ba a saci ko maraƙi ɗaya ba, kuma ba ni da hujjar cewa mutumin nan ɓarawo ne, wataƙila dillali ne mai yawan magana. Abin da na tabbatar shi ne, tun kafin a ƙera salula mutanenmu suna da dokar abin da ba a faɗa, kuma wanda ya karya ta a gidanmu shi ne wanda ya fi kowa karatu. Baffa bai jira wata hukuma ba. Cikin yini ɗaya ya karanta haɗarin, ya tashi da dukiyar gidaje da yawa, ya kai ta inda ya amince. Na zauna a gaban malamai masu digiri, ban ga wanda ya karanta hoto kamar yadda ya karanta wancan ba.

Ruwan farko ya sauka da rana tsaka muna bakin rijiya. Ƙasa ta yi ƙamshi, shanu suka bar komi suka watsu suna shan wanda ya taru a kwari. Baffa ya karɓi gugar daga hannuna ya naɗe igiyarta. Na tsaya ina jiran hukunci, don sharaɗin Inna ya cika.

A wurinmu makiyayi ba ya sauke garkensa bayan girbi sai a gonar gidan da yake tare da su, shanu su ci kara su bar taki. Baffa ya share ruwa daga fuskarsa ya ce, "Tahi gida kada sanyi shi kama ka. Ka ce ma Adda bana kada ta bari a kwashe karan gonar gabas. Muna nan tahe da kaka."

Na sauko daga tudun cikin ruwa, takalmana a hannu. Inna tana rumfa tana gyaran irin gero. Na faɗa mata saƙon kalma bayan kalma, yadda aka ba ni. Ta ce, "To, madalla," ta tura mini ƙwaryar irin, ta ce in tsince tsakuwar, gobe shuka.