Hannayen Doreen da Alkawarin 'Yan Takara

Kowace safiya, kafin ta sha kofi, Doreen Pulaski takan tsoma hannayenta cikin ruwan ɗumi da gishiri har yatsun su yarda su lanƙwasa. Sannan ta sa baƙar riga, don hannu ya fi fitowa a kan baƙi, ta cire zobe, ta kama hanya. Yau asibiti, gobe kotu, jibi jana'iza. Duk inda kurman garinmu zai fuskanci mai ji, can za ka same ta a tsaye tana tafinta. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, ciwon gaɓɓai ya ci ƙarfin yatsunta. Na san ba wanda zai yi mata biki, shi ya sa na ɗauki biro.

Kurame suna da yawa a garinmu saboda masana'antar taya, wadda ta riƙa ɗibarsu aiki don ƙarar inji ba ta damunsu. Iyayen Doreen kurame ne, haka yayanta Vernon, ita kaɗai ta zo da kunne. Ni inji ɗaya muka riƙe da Vernon, a wurinsa na koyi maganar hannu.

Duk shekara huɗu, idan zaɓen fid da gwani ya zagayo jiharmu ta Ohio a Amurka, sai masu neman kujerar shugaban ƙasa su tuna muna raye. Su naɗe hannun riga, su ari hular kwano, su ci tsiran alade a zauren coci kamar sun saba. A gaban manoman masara sun ce a buɗe kasuwannin duniya. Da sun iso gabanmu sai yarjejeniyar ciniki ba shinge ta zama abar tsinuwa. Kuma duk wanda ya hau dandamali, Doreen ce a gefensa.

Ƙa'idar aikinta ita ce ba ƙari ba ragi. Ba kalmomin kaɗai ba, har zafin muryar mai magana dole ya bayyana a fuskar tafinta. In ya rantse, fuskarta ta rantse. Kurma kuwa ba ɗan takara yake kallo ba, ita yake kallo.

Wata shekara wani sanata ya tsaya a ƙofar masana'antarmu, ya dafa ƙirji ya ce muddin yana numfashi ba zai goyi bayan yarjejeniyar da za ta kwashe aikinmu zuwa ƙetare ba. Doreen ta dafa ƙirjinta yadda ya dafa. A lokacin wata maɗaba'a a wani gari ta yi wa Vernon tayin aiki mai kyau, ya ce a kai kasuwa, ga magana ta fito daga sama. Sanatan ya faɗi zaɓe, ya koma majalisa, ya ɗaga hannu ya amince da yarjejeniyar. Ba a jima ba aka sa mu, mu da kanmu, muka kwance injinan muka loda a tirela. Vernon ya ƙare yana tattara kekunan sayayya a harabar kanti.

Ina kicin ɗinta ranar da ya zo.

"Ke kika ce ba zai yarda ba," ya faɗa da hannu.

"Yaya, ba ni na ce ba, shi ya ce."

"Ni ban san bakinsa ba, Auta. Fuskarki na gani."

Sai ya rufe ido. In kurma ya rufe maka ido, ya gama da kai ke nan, ba ta inda magana za ta shiga. Tun daga ranar, in ta ɗaga hannu sai ya runtse. Har mahaifiyarsu ta rasu bai dube ta ba, a wurin jana'izar ma ni na yi masa tafinta.

Haushi ya sa na taɓa ce mata, "Ke ma dai! Ki riƙa ɗan yatsina fuska mana, su gane ƙarya mutumin yake yi."

"Kai Leland, ka fiye wauta," ta ce. "Ranar da na fara tace musu magana, ranar na mai da su yara. Su ma su sha ƙaryar cikakkiya yadda kake shanta, su yanke hukunci da kansu."

Ke ce, Doreen, kika ɗauki rantsuwar da ba taki ba, kika biya ta da ɗan'uwanki. Su sun yi magana sun hau jirgi, ke kika zauna a garin da fuskar da aka yi ƙaryar da ita. Wallahi abin yana ci mini rai har yau.

Makon jiya wani ɗan takara ya zo, aka yi taron siyasarta na ƙarshe, da rana, a zauren wasanni na makaranta. Wata mai ɗaukar hoto ta ce, "Baiwar Allah, ɗan matsa gefe, kina shiga hoto."

"In na matsa, kuramen can na layin gaba hancinsa za su karanta?" in ji Doreen. Ba ta motsa ba.

Da aka zo tambayoyi, Vernon ya miƙe, gashi duk furfura. Ya yi magana da hannu, ita ta faɗa da murya, da irin zafin da ya yi ta: "Akwai sabuwar yarjejeniya a gaban majalisa. Za ka goyi bayanta ko ba za ka goya ba?"

Wanda ya yi tambaya dole ya ga amsa, don haka Vernon ya buɗe ido ya dubi ƙanwarsa. Ɗan takarar ya dafa ƙirji. "Muddin ina numfashi..." Doreen ta fara fassarawa. Kafin ta kai rabi Vernon ya riga ta, yana zuba sauran maganar da hannunsa tun mutumin bai furta ba: aikinku, iyalanku, ba zan bari ba. Tsoffin kuramen layin gaba suka kama, duk sun haddace. Ɗan takarar ya ga hannaye a sama, ya ɗauka tafi ake yi masa, ya washe baki yana godiya. Doreen ta sauke hannayenta, ba sauran abin fassarawa.

A wajen ajiye motoci Vernon ya tare ta, ya kama hannayen nan yana jujjuya su.

"Sun kumbura, Auta."

"Sai yanzu ka gani?"

"Sai yanzu na duba."

Ba su rungumi juna ba. Shekarun da suka tafi sun tafi, ba ɗan takarar da zai dawo da su. Washegari hoton ya fito a jarida, wai kurame sun yi wa ɗan takara maraba. An yanke Doreen daga gefe, gwiwar hannunta kawai ta rage.

Mun gode, Doreen, mai isar da saƙo yadda aka ba ta. 'Yan baya da za su tsaya inda kika tsaya, su yi koyi da ke, kada su rage wa kowa magana don tausayi. Mu kuma masu kunne, da muka ji rantsuwar nan da kanmu muka kuma yi ta tafi, ba mu da tafintan da za mu ɗora wa laifi.